Rasuwar Saral, Motar da Ta Saba Ɗaukar Inna

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Dashzebeg, mai sayar da naman rago a kasuwar abinci ta Ulanbator, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan unguwarmu ta kan tudu, da duk wanda ya taɓa ɗaga mana hannu a bakin titi muka rage masa hanya, rasuwar motata Saral. Ta cika ne da hantsin ranar farko ta bikin Farin Wata, sabuwar shekararmu, a kan hanyar zuwa wurin Kawu Cimid, tana bakin aikinta, Inna na zaune a kujerar gaba. Ba ta yi doguwar jinya ba. Masu cewa wai ta daɗe da ciwo ni ne ban lura ba, na san su, na kuma san ɗakin da maganar ta fito.

An haifi marigayiya a ƙasar Japan, inda ta yi ƙuruciyarta a hannun wani da ban sani ba, amma daga ganin kujerunta mutumin kirki ne. Ta iso mana ta jirgin ruwa, sannan ta jirgin ƙasa, da sitiyarinta a dama kamar sauran 'yan uwanta da suka cika garin nan. Ba ita kaɗai ta zo ba. Tagwaye ne, ƙira ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya ruwan toka, ni da ƙanena Lodoi muka yi odarsu tare. Da yake ni ne babba, ni na fara zaɓa. Na zagaya su, na ƙwanƙwasa, na leƙa ƙarƙashi, na ɗauki wadda ta fi, na raɗa mata Saral, sunan da muke kiran doki mai irin launinta. Ragowar Lodoi ya ɗauka. Ita ma tana da suna, amma takardar rasuwa ba wurin ambatonsa ba ne, don haka zan riƙa ce mata waccan.

Shinge ɗaya muke ciki. Gidana a dama, na Lodoi a hagu, ger ɗin Inna a tsakiya, don ta ce ba za ta kwana a ɗaki mai kusurwa ba, a zagayayyen ɗakinta na ulu aka haife ta, a cikinsa za ta mutu. Motocin biyu suna kwana gefe da gefe a bakin ƙofar shinge, cikin sanyi ɗaya, ƙarƙashin hayaƙin unguwa ɗaya. Ina so masu ta'aziyya su riƙe wannan, saboda abin da zai biyo baya.

Saral mai haƙuri ce, mai ɗaukar nauyi ba tare da ƙorafi ba. Ta yi dakon raguna daskararru har rufinta, ba ta taɓa cewa ƙarni ya dame ta ba. Ta ƙetare kogi da ruwa har bakin ƙofa. Ita ta kai matata Nansalma asibiti haihuwar autanmu, ta ramukan unguwarmu, a hankali kamar ta san abin da ta ɗauko. Waccan kuwa, in ban da kai Lodoi shagon wayoyinsa ta kwalta da dawo da shi, ban san wani aikin da ta taɓa yi wa duniya ba.

Amma babban aikin marigayiya, wanda saboda shi nake kuka, shi ne ɗaukar Inna. Kowace shekara ranar farko ta Farin Wata, Inna takan je gaida wanta, Kawu Cimid, wanda shi ne mafi tsufa a danginmu, can gindin duwatsu inda yake cin sanyi da dabbobinsa. Babban ɗa ke kai ta. Haka muka taso muka gani, haka kuma ake yi tun da Baba ya rasu. Kafin mu tashi sai ta fito da ludayinta na itace cike da madara, ta yayyafa wa tayoyin Saral, ta ɗaura sabon shuɗin ƙyalle a madubin ciki, ta shiga gaba ta ɗora jakarta a cinya. Lodoi ya biyo mu a baya da yara da buhunan buz daskararru, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki da ake turarawa, yana shan hayaƙinmu. In mun isa, Kawu ya fito yana dogara sanda, kafin ma mu tallabi gwiwar hannunsa mu gaishe shi, sai ya shafa murfin injin Saral kamar wuyan doki, ya tambayi ko ta ci sanyi lafiya. Ni ba mai kuɗi ba ne, ba na sa siririn wando kamar Lodoi, hannuna kullum maiƙo. Rana ɗaya ce a shekara da kowa yake tuna wane ne babba a gidan nan, kuma Saral ce take tuna musu.

Ba zan manta da muryarta ba. Da safe in na murɗa makulli takan fara da nishi, rrr, rrr, rrr, kamar tsoho zai miƙe daga zaune. Sai ta yi tari sau biyu, kuf, kuf, sannan ta kama, gududu-gududu, jikinta duka yana rawa. Daga nan sai wata mata ta yi magana daga can ƙarƙashin sitiyari da harshen Japan, a tausashe, gajeriyar magana, kullum iri ɗaya. Ni dai na san gaisuwa ce, nakan amsa in ce lafiya lau, ya kwanan sanyi. Lodoi ya taɓa kara mata wayarsa, ya ce wai cewa take ba a saka wani kati ba. Wannan shi ne Lodoi. Ko uwarsa ce ta yi masa murmushi sai ya tambayi waya ma'anarsa.

Yanzu zan zo kan abincin marigayiya, tunda shi ake ta cece-kuce a kai tun daga kasuwa har layin ɗiban ruwa. Baƙin man inji iri biyu ne. Akwai na ƙasa, wanda aka haƙo aka tace, mai kauri, mai jiki. Akwai kuma na haɗi, wanda ake ƙerawa a masana'anta, tsararo kamar shayin 'yan ofis. Saral ba ta taɓa ɗanɗana na biyun ba, kuma ina faɗa da ƙarfin murya. Babanmu direban manyan motocin Rasha ne, ya ratsa hamada da su tun kafin a san kwalta, kuma ban taɓa ganin ya zuba wa inji abin da ba ya kama yatsa ba. Ni kuma sana'ata kitse. Na san jelar rago, na san kitsen ƙoda, na san man shanu. Duk maiƙon gaskiya in ya ji sanyi daskarewa yake. Abin da za a bari a waje tsakiyar hunturu ya kwana yana malala, ban san me ne ne ba, amma ba zan ba wanda nake ƙauna ya sha ba.

Da kakar da ta wuce mun haɗu da Lodoi a garejin Jamiyan, bakaniken unguwarmu, kowa ya kawo tasa juyen mai. Ya ga galan ɗina ya girgiza kai.

"Yaya, har yanzu wannan kunun kake ɗura mata?"

"Kai kuma ruwan wanke kwano."

"Motar Baba daban, wannan daban. Hanyoyin cikin injin nan sirara ne kamar jijiya. In sanyi ya kama wannan abin naka, kafin ya hau sama ƙarfe ya gama cin ƙarfe."

"Ka gama karanto mini wayar?"

"Ni zan saya maka, Yaya. Gwada dai na hunturu ɗaya."

Kun ji. A gaban Jamiyan da masu jiran layi, ƙanena zai saya mini mai. Na ce masa ranar da na kasa ciyar da motata zan aiko masa, ya zauna kusa da waya tunda can ya fi kauri. Jamiyan ya buɗe galan ɗina ya zuba, yana kallon rufi.

Gaskiya ne man ƙasa yana son a lallaɓa shi, kuma ni ban taɓa ganin haka a matsayin wahala ba. Kowace safiyar hunturu nakan kwashi garwashi daga murhu in zuba a tsohon kaskon ƙarfe na Baba, in tura shi ƙarƙashin inji daidai inda man yake kwance, in lulluɓe mata gaba da bargon ulu, in tsuguna gefe da kofin shayin madara ina jira. Haka Baba yake yi. A wannan jiran muke hira da ita, ina gaya mata farashin nama da halin mutane. Ana cikin haka sai in ga labulen gidan hagu ya motsa. Lodoi ne, da singileti, a cikin ɗumi, ya miƙo hannu ya danna wani ɗan maɓalli da ya sa aka haɗa masa. Waccan ta yi fir ta tashi, ba nishi, ba tari, ba kunya, kamar karen da ke bin duk wanda ya yi fito. Sai in ji muryar matar nan ta Japan tana fitowa daga cikinta, irin ta Saral sak, tana gaida kujerar da ba kowa a kai. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Na sha fatan wata safiya ya danna ya ji shiru, in ga fuskarsa ta taga. Shekara da shekaru ina jira, ba ta taɓa yi mini wannan alherin ba.

Alamar farko ta ɓacin rana ba daga injin Saral ta fito ba, daga bakin Inna ta fito. Farkon hunturun nan tana da ganin likitan ido, ta fito a shirye kaskona bai gama aikinsa ba, sai Lodoi ya ɗauke ta. Da ta dawo tana kwance ɗankwali ta ce da Nansalma, ba da ni ba, amma ina tsaye, "Ita ta Lodoi ba ta sa mutum jira." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na kwana biyu ina tauna shi kamar guringuntsi.

Ranar da abin zai faru, sanyin da aka tashi da shi ko tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gashin hanci yana ƙagewa, hayaƙin unguwa ya kwanta a ƙasa ya ƙi tashi. Inna ta riga ta tambayi lama, malamin addininmu, sa'ar da ta dace ta fita a sabuwar shekara da kusurwar da za ta fara fuskanta, kuma Inna ba ta wasa da sa'a. Ban daɗe da tura kasko ba, garwashin ma sanyi na neman cinye shi, sai ga ta ta fito cikin sabuwar rigarta ta siliki, da ludayin madara a hannu yana tururi. Labulen hagu ya motsa. Waccan ta tashi. Lodoi ya fito yana gyara hula, ya dube ni a tsugune, ya yi magana da muryar nan tasa ta ladabi wadda ta fi zagi zafi.

"Yaya, sa'ar Inna za ta wuce. Bari in yi gaba da ita, in ta gama shan ɗumi sai ka taho da yara da kaya."

Ni in taho da yara da kaya. Na dubi Inna ina jiran ta ce masa ya kama bakinsa. Ba ta ce ba. Ta dubi Saral cikin bargo, ta dubi waccan tana fitar da farin hayaƙi, ta dubi madarar da ta fara yin fata a ludayi. Sai na ga ƙafarta ta ɗaga ta yi taku ɗaya zuwa hagu. Da idona na gani.

Na janye kaskon, na fizge bargon, na shiga na murɗa makulli. Rrr. Ta yi shiru. Na ce mata, Saral, yau ce ranar. Rrr, rrr. Na sake, na sake, har ta kama da wani irin tari da ban taɓa ji ba. Na taka mata totur sosai don Inna ta ji da kunnenta cewa lafiyarta lau, ta yi kururuwa har karnukan maƙwabta suka amsa. Wata 'yar jar fitila mai siffar buta ta kunnu a gabana. Na ɗora safar hannuna a kanta, don ban ga amfanin tayar wa tsohuwa hankali ranar biki ba. Inna ta juyo, ta yayyafa madarar a tayoyinmu, ta ɗaura ƙyallen, ta shiga gaba. Mu muka fara fita daga shinge, kuma ina so a rubuta wannan a tarihin marigayiya.

Mun bar gari, mun wuce gidajen ƙarshe, farin fili ya buɗe. Sai na fara jin wani sauti daga cikinta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana sara ƙashi a kan gungume. Na ƙara wa rediyo murya. Inna ta ce, "Dashka, wa ke ƙwanƙwasa ƙofa?" Kafin in ba ta amsa sai aka ji gam, sau ɗaya, jikin motar ya girgiza, ta gangara gefen hanya a hankali don kada ta wahalar da Inna, ta tsaya. Na murɗa makulli. Ba nishi, ba tari. Matar Japan ce kaɗai ta yi maganarta ta kullum a tausashe, na kasa amsa mata.

Waccan ta tsaya a bayanmu. Lodoi ya fito, ya dai buɗe ƙofar gabansa ya tsaya riƙe da ita, kuma na fi son a ce ya yi dariya. Inna ta ɗan zauna tare da ni, tana kallon gaba, numfashinmu yana daskarewa a jikin gilashi. Can ta dafa gwiwata ta ce, "Kawunka ya tsufa, Dashka, ba ya iya doguwar tsayuwa a waje." Ta ɗauki jakarta ta fita. Ni kuma, babban ɗa, na shiga kujerar baya tsakanin yara da buhun buz, aka ɗora mini dafaffen gadon bayan rago a cinya.

Abin da ya faru a wurin Kawu shi ne ban yi zaton zan iya rubutawa ba. Ya fito da sandarsa kamar kullum, idonsa ya yi rauni, ya lallaɓo ya ɗora hannu a murfin injin waccan, ya shafa, ya shafa, ya ce, "Saral ba ta tsufa. Dubi yadda take numfashi lumui. Wanda ke kula da ita ya iya kiwo." Lodoi ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ba wanda ya gyara wa Kawu, har Inna. Ni kuwa ina fama da ƙofar baya, da rago a hannu. Buz ɗin ranar ko ɗaya bai wuce mini ba.

Washegari aka jawo gawar gida. Jamiyan ya zo ya buɗe, ya leƙa, ya sa yatsa, ya ce injin ya buga, wai man bai samu hawa sama ba, ƙarfe ya ci ƙarfe. Kalmomin Lodoi sak, har na tambaye shi ko tare suka yi bita. Ni a wurina dalilin rasuwa a fili yake. Gaggawa ce ta kashe Saral, kuma kowa ya san wanda ya kawo gaggawa gidanmu da ɗan maɓallinsa. Da an bar ta ta sha ɗuminta kamar yadda ta saba, da yanzu tana nan. Man da ta sha duk rayuwarta bai canja ba a ranar. Nansalma ta ce in daina faɗar haka a gaban mutane, na ce to na rubuta.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, mai kula da ita. Ta bar safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da igiyar ja wadda a da mu ke jan wasu da ita. Ta bar kaskon Baba da bargon ulu, da rabin galan na man ƙasa a rumfa, daskararre, mai amana, bai motsa ba tun ranar. Ta kuma bar 'yar uwarta ta haihuwa, wadda ko kwana ɗaya ba ta yi na makoki ba, kullum da safe sai ta tashi fir a gefen gawar. Tun kafin a share hawaye Lodoi ya zo yana sosa ƙeya, wai tunda komai nasu ɗaya ne, ko zan bar masa batir da fitilun gaba, kada su tafi a banza. Na ce masa ba a rabon gado da gawa a ƙofar gida. Da yamma Inna ta aiko Nansalma ta ce in ba shi. Yanzu da idanun Saral waccan take kallona.

Game da jana'iza, an je wurin lama ya duba. Ya tsayar da safiyar Laraba mai zuwa, da fitowar rana. Ya ce wanda zai fara taɓa gawar sai haifaffen shekarar Doki, a lissafin shekarunmu mai sunayen dabbobi. Na bi dangi kaf ina tambaya, har da surukai, ba a samu kowa ba sai Lodoi. Za a kai ta filin 'yan gwangwan da ke yammacin gari. Na nemi motar da za ta ja ta a wurin abokaina na kasuwa, masu ra'ayi irin nawa kan mai, duk sun ce da son samu ne, amma ba su da tabbacin nasu za su tashi da wannan safiyar. Saboda haka waccan ce za ta ja, ni kuma zan zauna a sitiyarin marigayiya ina bin ta a baya, cikin hayaƙinta.

Ana roƙon masu zuwa su sa kaya masu kauri. Kada kowa ya kawo galan na kowane irin mai, kada a yi zancen juye, kuma wanda ya san zai ce "ai da ka ji shawara" ya yi zamansa a gida, na yafe masa ta'aziyyar. Bayan an dawo za a ratsa tsakanin wuta biyu a ƙofar shinge don tsarkake jiki kamar yadda aka saba, ɗaya a cikin kaskon Baba za a hura ta. Akwai shayin madara da shinkafa da busasshen inabi, kowa kuma zai tafi da ashana da turare. Addu'ar da nake roƙo ita ce, in za ta sake dawowa duniya, ta dawo a ƙasa mai zafi, inda ba a tambayar mota abin da ta sha.

Inna ta ce za ta raka ta. Na ce mata babu abin ɗumama ciki, gilashi zai yi ƙanƙara, ta shiga gaba wurin Lodoi. Ta ce a'a, a kujerarta ta Saral za ta zauna, in lulluɓe ta da bargon ulun. Na juya baya don kada ta ga idona. Sai ta ƙara da cewa, "Ai ba komai, tunda Lodoi ne ke ja, za mu isa." A can za ta kwance shuɗin ƙyallen da hannunta, kuma ban tambaye ta inda za ta ɗaura shi ba, don na sani.

Za a tashi a kan lokaci, wannan karon ba abin da za a jira ya yi ɗumi. Roƙona na ƙarshe ga jama'a shi ne, duk mai gurbi a motarsa, ko bayan a-kori-kura ne tare da fatun raguna, ya taimaka ya dawo da ni gida. Ba zan iya sake zama a kujerar bayan waccan ba, ina kallon ƙeyar Inna, ƙyallen Saral yana lilo a madubin ƙanena.